Hoton Yaya da ya tsaya a gindin hanci

Akwai wata Juma'ar kasuwar Jega da na san zan mutu da ita a raina. A lokacin yayana ya shekara shida a ƙasar waje yana karatu, Inna kuma yanar ido ta fara rufe mata gani. Kullum maganarta ɗaya ce, ta ga fuskarsa tun tana iya gani.

Ni nake zuwa Jega daga Gehuru in duba saƙonsa a wani shagon buga takardu mai kwamfuta ɗaya da layin tarho. Ran nan na tarar da imel uku daga wurinsa. Na buɗe na farko, sai haruffa da lambobi cunkushe, layi bayan layi, babu kalma ɗaya ta mutane. Na biyu haka, na uku ma haka. Da yake a lokacin ina ji da kaina na iya kwamfuta, sai na yanke cewa saƙo ɗaya ne ya lalace ya shigo sau uku. Na goge biyu don kada akwatin ya cika, har ina yaba wa kaina tsafta.

Mai shagon ne ya ce in kawo wani malamin lissafi na Aliero, shi ya san irin wannan. Muka sa ranar kasuwa, na ɗauko Inna a kan babur don ta ji saƙon ɗanta da kunnenta.

Malamin ya dubi haruffan ya yi murmushi. "Wanga hoto na. Sai an maishe shi haruffa sannan ya bi waya. In ya yi girma a raba shi. Ina sauran?"

Na ce na goge.

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya buɗe wani baƙin allo wanda babu abin dannawa a ciki, ya rubuta umarni da hannu, ya sa sunan fayil ɗin, ya buga. Sannan ya buɗe abin da ya fito. Hoton ya riƙa saukowa daga sama a hankali, hula, goshi, gira, idanu. Daidai gindin hanci ya tsaya, sauran duk toka-toka.

Inna ta matso har hancinta na kusan taɓa gilashin. Ta daɗe a haka.

"Shi na," ta ce. "Ya rame. Ba shi cin abinci." Sai ta juyo wurina. "Ina bakin? In gani ko dariya shikai."

Na ce yana tafe, za a sake turowa.

An sake turowa, amma sai bayan wata huɗu, don Yaya yana can wani gari aikin gwaji bai ga saƙona ba. Da na kai mata cikakken hoton, idon ya riga ya rufe, tafin hannu kawai ta shafa a kansa. Ta tambaye ni ko dariya yake yi, na ce ƙwarai kuwa, har haƙoransa a waje. Ta ce to alhamdu lillahi.

Har yau ina kewarta, ina kuma jin zafin wannan gaggawa tawa. Tun daga ranar, duk abin da ban gane ba nakan bar shi yadda na same shi in nemi wanda ya sani. Minti ɗaya na yi ina nuna iyawa, Inna ta koma ga Allah ba ta ga dariyar ɗanta ba.