Ranar da Motar Baba Ta Faɗi Ciwonta a Wara

Abin da na fara gani da muka isa Wara shi ne Baba ya kashe mota amma bai saki sitiyari ba. Mun tashi daga Yelwa da asuba, ni da shi da Inna, za mu ɗauko yayata ta zo gida haihuwar fari. An yi ruwa, hanya ta yi santsi. Da shanu suka tsallaka gabanmu, Baba ya taka birki, motar ta zame a karkace har bakin gonar shinkafa.

Inna ta ce ɗiyarta ba za ta shiga wannan mota ba, gara ta haihu a gidan miji. Yaya ta juya kai tana hawaye.

Surukinmu, mijin Yaya, ya kai mu bakin tafki wurin wani tsoho mai gyaran injin jiragen ruwa da motoci. Ruwan nan ba a ganin ƙarshensa, ga mata suna banda kifi, hayaƙi na shiga ido. Tsohon ya leƙa cikin motar, ya ɓare baƙin salatif ɗin da Baba ya manna a kan wata fitila mai ruwan ɗorawa, mai haruffa uku, ABS.

"Alhaji, tana yi maka magana, kai ko ka toshe mata baki?"

"Damuna take yi," in ji Baba.

Tsohon ya lanƙwasa guntuwar waya, ya haɗa ramuka biyu a ƙarƙashin gaban motar, ya murɗa makulli. Fitilar ta fara ƙiftawa. Ya ce doguwar ƙiftawa goma ce, gajera ɗaya. Na ƙirga a zuciyata: doguwa ɗaya, gajeru biyar. Ya zaro wata takarda da ta sha baƙin mai, ya bi layi da yatsa. Sha biyar, tayar baya ta dama.

Ko taɓa tayar bai yi ba, amma ya sani. 

Da aka cire ta, sai ga wata siririyar waya a gutsure. Ya bayyana mana cewa ita ke sanar da motar gudun tayar, don kada ta cije a santsi. Ya shinshina but ɗin motar, ya tambaya ko kifi na kwana a ciki. Baba ya amsa cewa yana kwana. Ashe ɓerayen da ƙarnin kifin ya jawo ne suka gutsure wayar.

Ya haɗa wayar, aka tayar da motar, fitilar ta kunna ta mutu da kanta. Inna ta sa aka gwada sau uku a taɓo kafin ta ce Yaya ta shiga.

La'asar ta yi mana a gida lafiya. Ban taɓa sanin ƙarfe na iya faɗin inda ke masa ciwo ba, in akwai mai haƙurin ƙirgawa. Da Baba ya zauna, na tsaya a bakin ƙofa na yi masa magana.

"Baba, ranar da za a mayar da Yaya da jariri, don Allah ka bar ni in zauna gaba, in riƙa duba maka fitilar."