Turmi Ukun da Ya Bar Mini

Asabar ɗin ƙarshe ta fara kamar kowace. Da safe na sha maganin hawan jini, na leƙa jarida, mahaifiyar ɗana ta miƙo mini rediyonta da ya daina kama tasha, ta ce in kai masa. Da hantsi na isa shagon. Ɗana mai gyaran talabijin ne, shekarunsa talatin da huɗu. Ni lissafi na koyar har na yi ritaya, shi kuwa tun yana ƙarami babu abin da ke da waya a gidanmu da bai kwance ba. Na same shi a sunkuye yana liƙa waya da dalma, sukundireba a bayan kunne.

A saman kanta akwai tsofaffin talabijin biyu da masu su suka yasar. Ya jera su gefe da gefe. A na hagu, zakaran damben masu nauyi na zamanina yake yawo a kan yatsun ƙafa, cikin hoto baƙi da fari. Muna ce masa Mai Rawa. A na dama gwaninsa ne, ƙato mai faɗin ƙirji, muna ce masa Katanga. Ba su taɓa haɗuwa ba, domin kafin a haifi Katanga, Mai Rawa ya ajiye safar hannu. Ɗana ya juya hoton ɗaya don su fuskanci juna, sai ka rantse fili ɗaya suke.

Dokarmu turmi ɗaya kowace Asabar. In faɗi abin da nawa zai yi, shi ya mayar mini, kowa ya nuna hujjarsa a kan gilashi. Telan da ke jikin shagon shi ne alƙali, yana saurare ta taga ba tare da ya tsayar da keke ba.

Bayan azahar muka shiga turmi na sha biyu.

"Baba, naka fa ƙafa ce kawai. Dambe aka zo yi ko biki?"

"Naka firiji ne aka sa wa safar hannu."

"Firijin nan in ya faɗo wa mutum, sai dai a tambayi asibiti."

Tela ya ba Katanga turmin. Bakwai da biyar ke nan. Ɗana ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce an gama, sha biyu ake yi yanzu. Na ce a zamanina sha biyar ake yi, kuma a ukun ƙarshen nan ake gane mai numfashi. Ƙatonsa bai taɓa ganin turmi na sha uku ba. In na ci ukun, takwas da bakwai ne.

Ya yi dariya har ya ajiye dalmar. "To, na ba ka ukun, Baba. Kyauta. Amma ka zo da shiri."

Da la'asar ya gyara rediyon, ya raka ni bakin titi, ya ce in gaya wa mamarsa ta daina ajiye shi kusa da murhu. Ranar Litinin da safe ya sunkuya zai ɗaure takalmi, bai ɗago ba, rai ya yi halinsa. Likita ya yi mini bayanin zuciyar dalla-dalla, na kuma gane duk abin da ya faɗa.

Da aka kwana biyu na karɓi makullin shagon a wurin matarsa. Na san tana buƙatar wurin don ta buɗe sana'a ta riƙe 'yarsu. Ta ce, "Duk lokacin da ka gama, Baba."

Da na ɗaga makunnin wuta, talabijin biyun suka kama da kansu, kamar yadda ya saita su. Na zauna a kujerata. Na ce a fili, Mai Rawa zai zagaya ta hagu, ya zuba biyu a ciki. Keken tela ya tsaya cak. A baƙin gilashin wata matacciyar talabijin na hango mutum a sunkuye. Ni ne, kafaɗunmu iri ɗaya ne da ɗana. Sai na ji amsar, da muryarsa, da 'yar dariyar nan ta hanci: Baba, hagu? Ai nan damarsa take jiranka.

Na dawo Asabar ta gaba, da wadda ta biyo ta. Kullum turmi na sha uku nake farawa, ba na yarda ya ƙare. Muddin ukun nan suna nan, akwai wanda zai amsa mini. Tela bai sake yanke hukunci ba. Mahaifiyarsa tana kallona ina sa takalmi.

Wata Asabar na kai naushina, na jira. Amsar ta zo a tsare: bisa ƙididdiga, mai nauyi ya fi yiwuwar gajiya. Babu zolaya, babu dariya. Ɗana bai taɓa magana haka ba, kuma ko za a yanka shi ba zai ce Katanga ya gaji ba. Ni ne nake magana. In na ci gaba, zan ci turmi ukun nan da bakinsa, ya zama wani mutum da ban haifa ba.

Na leƙa ta taga. "Alƙali, turmi nawa ake yi yanzu?"

Ya ajiye zaren da ke hannunsa. "Sha biyu, Malam."

"To, sha biyu ne. Bakwai da biyar."

Kayan aikinsa na ba abokinsa mai gyara a ƙarshen layi, shi ya ƙarasa gyaran da ya rage, aka mayar wa kowa nasa. Rigar aikinsa ƙaninsa ya ɗauka. Sukundireban yana wurin mahaifiyarsa, a aljihun teburin da rediyon yake kai. Makulli na mayar wa matarsa. Mai Rawa na bar wa tela. Katanga na kawo gida, yana falo. Ranar Asabar bayan azahar nakan kunna shi, in zauna ina kallonsa yana kai naushi ta hagu, inda babu kowa.