Shatin Riga a Kan Hita

Wata tsohuwa tana tsaye a shagon gyaran kayan wuta, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Idonta na kan hitar ɗumama ɗakin da mai gyara ke kwancewa.

"Da na jona, sai akwatin wutar gidan ya yi ƙas, wuta ta ɗauke," in ji ta.

Cikin hitar duk tsatsa ne. A samanta kuwa ga shatin 'yar riga, ƙuna kan ƙuna, na shekara da shekaru.

"Mama, ruwa ke ɗiga ciki. A daina shanya a kai."

"Rigar ɗana ce, ba ya son sanyi."

"Shekararsa nawa?"

Tana shafa shatin a hankali. "Biyu."

Mai gyaran ya dubi furfurar. Ya mayar da kai kan hitar, ya ci gaba da gyara.