Kalmar da Mushe ya bar mini

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar mai gidana, wanda Dogon Dutsi duka ta sani da Mushe, wato malam a bakin Faransawa, saboda koyarwa a lekol, makarantar boko. Ban iya karatu ba. Jikata Hadiza ce take rubuta abin da nake faɗa, kuma na gaya mata in na yi kuka ta dakata, kada ta rubuta kukan. Har yau ina kukansa, ba na ɓoyewa. Amma abin da ya sa na ce a kai maganata jarida wata tambaya ce da na daɗe ina riƙe da ita: wata kalma da ya taɓa faɗa mini, gaskiya ya gaya mini a kanta, ko lallashi ne kawai?

Zamanin Nasara ne, kumandan, Baturen mulki, yana nan, an kawo ni daga Dumega ina amarya. Mushe Musulmi ne mai salla, amma da la'asar yakan je wurin wani tsohon Bature limamin coci. Yana koya wa tsohon Hausar Arewa, tsohon yana koya masa Latin. Na tambaye shi ina garin masu wannan harshe. Ya ce sun mutu tun da daɗewa, harshen ne ya rage a littattafai. Na yi ta mamaki. Mutum ya bar hira da masu rai, ya je koyon gaisuwar matattu.

Innata ta haɗo ni da gora guda na irin hatsin gidanmu, mai dogon kai. An ba mu gona a bayan dutse, amma ba mu da hannu. In ruwan shuka ya sauka kowa gonarsa yake nufa da gudu, shi kuwa Mushe yana aji, ba a rufe lekol ba tukuna. Sai na ce zan yi binne. Ƴan birni ba su san shi ba: ka zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ka rufe, ka jira. In ruwan farko ya yi ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne, iri ya tsiro, rana ta kashe shi. Ni kaɗai na yi ta saran rami da sungumi, ina zubawa ina takewa da diddige, har goran ya ƙare.

Yayyafi aka yi. Gona ta yi kore kamar an shimfiɗa zane, sai sama ta ɗauke. Ina kallo tsiron ya kwanta ya bushe. A bakin gonar Mushe ya same ni ina kuka, hannunsa duk farin alli. Ya duba layukan ramuka tun daga bakin hanya har gindin gawo, ya ce, “Studere.”

Na ce, “Zagina kake yi da Nasaranci?”

Ya yi dariya, ya zauna a ƙasa da farin wandonsa. “Ƴar Dumega, ba zagi ba ne. Da wannan kalma mutanen nan na da suke cewa mutum yana karatu. Amma tun kafin ta zama ta karatu, ma'anarta mutum ya zuba zuciyarsa a kan abu, ya nace masa. Ana faɗa wa manomi da gonarsa, ana faɗa wa mai neman yabo. Daga baya ƴan makaranta suka ƙwace ta.”

“To ni ina ruwana da ita? Ko sunana ban iya rubutawa ba.”

“Ajina cike yake da yara, kumandan ne ya sa aka kamo su. Suna zaune, zuciyarsu tana wurin awaki. Ke kika fi su cancanta da kalmar.”

Na ce kalma ba ta cika rumbu. Ya ce gaskiya ne.

Ranar Lahadi ya ari doki ya tafi Dumega roƙon iri. Wanda ya san kunyar Arewa ya san abin da wannan yake nufi: suruki ba ya haɗa ido da uwar matarsa, balle ya roƙe ta. Ƙanwata ta ba ni labari daga baya, ta ce ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida, ya durƙusa nesa, yana magana da dangar kara kamar ita ce Inna. Inna tana cikin ɗaki ta ce a tambayi Mushe ko a lekol ba a koya masa a raba iri biyu ba. Ya ce a gaya mata yanzu ya shiga ajin. Ta aiko masa da rabin gora.

Da ruwan gaske ya sauka, tare muka shuka. Shi ke sara, ni ke zubawa. Ramukansa a karkace, maƙwabta suna tsokanarsa: “Mushe, layin allo ya fi na gona sauƙi ko?” Hatsin shekarar bai yi yawa ba, amma mun fitar da iri, kuma jikokin wannan irin ne ɗana yake shukawa har yanzu.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu ba a kamo yaro, iyaye ne ke bin darektan lekol suna roƙon wuri. Hadiza tana jami'a a Yamai, ana ce da su etidiyan, ta ce mini sunan ma daga waccan kalma ya fito. Ina ganinsu kai a sunkuye kan tarho, ban san ko karatu suke ba ko hira. Ba na zarginsu. Ina dai so in san inda zuciyarsu take, kuma na san shi ma abin da zai fara tambaya ke nan. Ruwa ma ya sake hali, ɗana ya ce wanda ya yi binne yanzu wasa yake da abincin ƴaƴansa.

Duk zamanmu tare ban sake tambayar Mushe maganar ba. Ina tsoron ya ce, “Ai don ki daina kuka na faɗa.” Jiya muna cikin wannan rubutu na ce wa Hadiza ta duba mini. Ta ce, “Tsohuwa, sai yanzu za ki shiga lekol?” Na ce ta duba dai, ƴar nema. Ta latsa tarhonta ta karanta, ta juya mini da Hausa: ɗoki a kan abu, nacewa, ba da kai gare shi, karatu ne ya zo a ƙarshe. Kamar yadda ya faɗa a bakin gona, bai ƙara ko gishiri ba.

Nan na ce ta dakata da rubutu.

Da na share ido na ce ta rubuta mini kalmar da manyan baƙaƙe. Na ɗora yatsa a kai. Ashe gajera ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Alli ya goge, ajin da ya koyar an rushe shi, yawancin ɗalibansa sun bi shi. Abin da ya rage mini iri ne a rumbu da wannan kalma, kuma yanzu na san bai yi mini ƙarya ba. Allah ya jiƙan Mushe, ya sa ya huta. Na riga na gaya wa ɗana ya ware mini ɗan gefe a gindin gawo. Bana zan yi binne, ko a zaune ne. Rabin gora kawai, kamar yadda Inna ta ce.