Baba Sammani, Wanda Ya Tashe Ni Daga Tabarma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran Malam Sammani Ɗantsoho, mai gyaran keken ɗinki a Ƙofar Marusa.

Baba, a layin ganin likitan zuciya muka haɗu. Ciwonmu ɗaya, zuciya ta yi rauni, ƙafa ta kumbura. Wata bakwai ina kwance, Inna ba ta bari ko buta in ɗauka. Ka dube ni ka ce, "Yaro da kai, wa ya shimfiɗe ka haka?" Ka ja ni gaban likita, ka sa ya faɗa a kunnena cewa tafiya a hankali tana cikin magani, muddin ana shan ƙwayoyin.

Washegari da hantsi sai ga ka a ƙofar gidanmu. Falwayar lantarki biyu muka wuce, na zauna ina haki. Ka ce, "Gobe uku."

Ma'auninka gaisuwa ce. Duk wanda muka gamu da shi sai ka sa ni in gaishe shi ina tafe, daga kwana har gajiya, har iyali, har kasuwa. In numfashi ya yanke kafin in kai ƙarshe, mu tsaya. Mutane suna cewa na cika ladabi, kai kana ta dariya. Cikin wata biyar na kai hasumiyar Gobarau da ƙafata. Barci ya dawo, na koma shagon ɗinki.

Da labarin rasuwarka ya bazu, wasu suka fara cewa yawon ne ya gajiyar da zuciyarka. Inna ta ji, ta ɓoye takalmana. Ban yi mata musu ba, tsoro ne irin na uwa. Amma shekara tara ka yi da ciwon nan, kuma a tsaye ka yi su, kana zuwa masallaci.

Ranar jana'izarka na ari silifas ɗin maƙwabci, na bi gawarka har maƙabarta. Na gaisa da kowa, numfashi bai yanke ba. Kuka ne kawai ya tsayar da ni. Da na dawo, na tarar da takalman a bakin zaure.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Iyalan Baba, Hajiya Baraka, Siddiq, Suwaiba, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu.

Rilwanu Abu, Ƙofar Marusa, Katsina