Ɗigo Uku a Jikin Ƙarfe

Yahuza Maƙeri na ƙauyen Ɗan Aduwa, kan hanyar da ta tashi daga Belbeji ta nufi Tenhya, shekara biyu ke nan yana neman wanda zai amsa masa tambaya ɗaya: yana da hannu a jinin Amadu ɗan Dado, ko ba shi da shi? Ya tambayi alƙali, ya tambayi liman, ya tambayi matarsa Tabawa. Kowa ya ce masa babu. Yakan ce to, ya koma ya zauna, kamar wanda aka gaya wa farashin gero a garin da ba zai je ba.

A maƙera aka haife shi, don ɗakin uwarsa bango ɗaya ne da rumfar ƙirar ubansa Tanko. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Sau ɗaya ya taɓa yin ci-rani a Zinder, ya dawo tun kafin bazara ya ce mutanen can sun cika magana. 'Ya'yansa mata sun yi aure, maza biyun kuma sun bi masu neman zinariya arewa, sai dai murya a waya ranar salla. Da ya rasa mai yi masa zuga, sai ya ɗauko ƙafar tsohon keke ya haɗa abin hura wuta, yana juyawa da hagu, dama na riƙe da awartaki. Hauya, sungumi, lauje, gatari, linzamin doki, duk abin da manomi da makiyayi ke so a tsakanin rijiyoyin nan, daga hannunsa yake fita. Buzaye, abokan wasan maƙera, in sun zo sukan ce shi da ƙarfensa ba a san wanda ya fi wani taurin kai ba. Shi kuwa sai ya ce su zauna dai, kada su sace masa gawayi su dafa shayi.

Abu biyu ya gada wurin Tanko bayan uwar maƙera da masaba. Na farko, maƙerin gidansu ba ya tambayar mutum abin da zai yi da abin da ya sa a ƙera masa. Tanko yakan ce wuƙar da aka yanka ragon suna da ita, ita ce ake faɗa da ita, in ka tsaya bincike sai ka rufe rumfa, kuma tambaya cin fuska ce ga baƙo. Na biyu, duk ƙarfen da ya fita daga rumfar nan sai an buga masa ɗigo uku, a jere, a wani lungu. Ba don kowa ba, don in abu ya karye a san wanda za a zaga. Yahuza ya riƙe biyun nan har ya yi furfura, kuma ba a taɓa dawo masa da hauya ana zaginsa ba.

Yana kuma gyaran bindiga, irin adakar maharba da ake ɗura wa albarushi ta baki. Wani ya kawo kunamarta ta sake, wani bututun ya tsage. A lokacin da muke magana akwai guda uku jingine a ƙuryar rumfa, masu su sun manta da su, ga ta huɗu ta Tanko a ɗaki, wadda rabon da ta yi ƙara tun bikin auren Yahuza. Rediyo ya sha faɗi cewa ba a riƙe bindiga sai da takarda, maigari ma ya tara mutane ya faɗa. Yahuza ya ji da kunnensa. Amma a ganinsa ana nufin bindigar kirki, irin ta masu tare hanya, ba waɗannan tsofaffin da gizo-gizo ya yi gida a cikinsu ba.

Ɗan jirgin nan marar matuƙi kuwa, a Belbeji ya fara ganinsa, a bikin ɗan wani mai shago. Abu kamar faifai, da fukafukai huɗu, yana kuka irin na zuma, wani mai ɗaukar hoto na juya shi da yatsu daga ƙasa. Mata na guɗa suna ɗaga masa hannu. Yahuza ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce lallai wanda ya ƙera wannan ya sha nonon uwarsa. Abin ya burge shi ƙwarai, har ya ba Tabawa labari sau biyu, shi da ba ya maimaita magana.

Bayan girbi, wata ranar kasuwa da hantsi, wani baƙo ya tsayar da moto, wato babur, a bakin rumfa. Mutum mai tsabta, mai ladabi, ya cire takalmi kafin ya tsuguna. Ya ce sunansa Isma'ila. Ya fito da 'yar takarda da zane a kai: ɗan maƙali ne, bai kai tsawon yatsa ba, mai baki biyu, ya riƙe abu gam, in an ja wani ɗan harshe ya saki.

«Baba, an ce duk yankin nan kai ne za ka iya. Amma kada ya yi nauyi, kuma kada ya ƙi buɗewa.»

«Nawa kake so?»

«Biyar.»

Yahuza ya juya takardar, ya ce a ransa tarkon zomo ne ko wani abin 'yan birni. Tambayar ta zo masa har baki, ya haɗiye ta, don ba a yi a gidansu. Gaskiyar magana, aikin ya yi masa daɗi. Shekara arba'in yana bugun hauya, ga wani ya kawo abin da ke son basira. Kwana uku ya yi a kai, ya lalata biyu, ya sake, yana goga da magagari har maƙalin ya zama da an taɓa sai ya buɗe. Ya buga ɗigo ukunsa ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Baƙon ya zo, ya gwada, ya yi godiya, ya tafi, ba a sake ganinsa ba.

Da rani ya tsananta, labari ya zo daga wata rijiya can arewa, tafiyar yini a jaki. Motar sojoji ta tsaya shan ruwa da rana tsaka, sai ga ɗan jirgi a sama, ya saki wani abu. Bai sami motar ba. A bakin rijiya ya faɗi ya fashe, inda wani Bafulatani, Amadu ɗan Dado, ke korar takarkari yana jan guga. Shi da takarkarin duka suka mutu nan take. Ɗan jirgin kuma aka harbo shi, ya maƙale a kan ƙaya. Yahuza ya ji labarin a kasuwa, ya yi salati kamar kowa, ya sayi gishiri ya koma gida.

Jandarmomi ba su sha wahala ba. Sun ɗauki ɗan ƙarfen da ke ɗaure a cikin jirgin, suka nuna wa manomi na farko da suka tarar, ya juya shi ya ce: «A'a, wannan ai Yahuza ne.» Da safe suka zo, yana cikin wasa lauje. Shugabansu ya ajiye abin a kan uwar maƙera. Ya yi baƙi, gefe ɗaya ya lanƙwashe, amma harshen na nan lafiya.

«Tsoho, aikinka ne?»

«Nawa ne, shef.»

«Ka san abin da aka yi da shi?»

«Ban sani ba.»

Aka gaya masa. Yahuza ya jira ya ji wani abu ya tsinke a cikinsa, bai ji ba. Abin da ya lura da shi kawai, laujen da ke hannunsa bai gama wasuwa ba, kuma mai shi zai zo da azahar. Suka tambaye shi ina baƙon ya fito, wane ne ubansa, me ya ce zai yi da shi. Ya ce bai tambaya ba. Shef ɗin ya dube shi kamar ya ga mahaukaci, ya ce mutum ya kawo maka irin wannan a wannan zamani, ka ce ba ka tambaya ba? Ya ce a gidansu ba a tambaya. Da suka bincika rumfa suka ga adaka uku, suka shiga ɗaki suka fito da ta huɗu, Tabawa na tsaye da ludayi a hannu.

Shari'ar ta ba shi mamaki, in mamaki ne sunan abin da ya ji. Wata biyu ana juya shi a kan maganar maƙali, a ƙarshe alƙali ya ce an gamsu bai san komai ba, ba shi da laifi a nan. Amma bindiga huɗu ba takarda, wannan doka ta yi magana a kai. Aka ɗaure shi shekara guda saboda bindigogin da ko kaza ba za su iya kashewa ba. Ka ji aiki! Abin da ya kashe mutum an wanke shi, abin da tsatsa ta ci an kama shi da shi. A kaso ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Yana ci in an ba shi, yana salla, yana gyara wa masu gadi maɓallin ƙofa in ya lalace. 'Yan ɗakinsu suka sa masa suna Kurma.

Ya fito daf da damina. Mutane suka zo barka, kowa na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Liman ya ce masa Allah niyya yake dubawa, kuma wanda ya saki abin shi ne mai kisa, ba wanda ya bugi ƙarfe ba. Tabawa ta ce: «Malam, ka ji dai abin da liman ya ce, ka saki ranka.» Ya ce to. Ya hura wuta, don shuka ta matso kuma babu wani maƙeri kusa. Hannunsa bai manta komai ba, sai dai daɗin aikin ne ya tafi. Yakan gama hauya ya dube ta, ba ya jin ta yi kyau, ba ya jin ba ta yi ba. Maganar cewa maƙali biyar ya ƙera, ɗaya kawai aka samu, ba wanda ya sake tayar da ita, shi ma bai tayar ba.

Rani ya sake zagayowa. Wata rana da la'asar wata tsohuwar Bafulatana ta sauka daga jaki a bakin rumfa, ta kwance wani ƙunshi. Ƙugiya ce, irin mai haƙora da yawa da ake zurawa rijiya a ciro guga in igiya ta tsinke. Haƙora biyu sun karye. Ta ce guga ya faɗa tun jiya, shanu na tsaye. Yahuza ya tambayi wace rijiya, ta faɗa. Ya tambayi sunanta, ta ce Dado, uwar Amadu. Ya ajiye masaba a ƙasa a hankali.

«Inna, kin san ko ni wane ne?»

«Na sani. Kai ne Yahuza.»

«Kin san abin da aka ce na yi?»

«An nuna mini ƙarfen a birgad, wurin jandarmomi.»

Sa'an nan ya yi mata tambayar da ya yi wa kowa, da murya ɗaya da wadda yake tambayar tsawon ƙota. Ya ce alƙali ya ce ba shi da hannu, liman ma haka, ita me ta gani?

Dado ta gyara zama a kan tabarma. Ba fushi a fuskarta, ba kuka, ta riga ta wuce nan.

«Ni ban san shari'a ba, Maƙeri. Ban kuma zo faɗa ba, ban zo yafiya ba. Jandarman da ya nuna mini ya ce irin abin nan sau da yawa yakan ƙi buɗewa, sai jirgin ya koma da kayansa. Ya ce naka bai ƙi ba. Shi ya sa da ƙugiyar ta karye na ce a kawo maka, na san aikinka ba ya ba da kunya.»

Ba ta faɗa don ta soke shi ba, yabo ne tsakani da Allah, kuma shi ya sani. Nan ya sami amsarsa. Ya tuna kwana ukun nan da magagari a hannu, da biyun da ya lalata ya sake don ba su buɗe yadda yake so ba, da irin daɗin da ya ji. Da ya yi aikin ganin dama, irin na maƙerin da ba ya kunyar sunansa, da Amadu na can yana jan guga. Baƙin ciki ya zo masa, karon farko tun ranar da jandarmomi suka zo, amma bai zo da hawaye ba. Ya zo ya zauna masa a ƙirji kamar uwar maƙera.

Ya ɗauki ƙugiyar ya sa a wuta, ya juya ƙafar keken. Ya ƙera haƙoran biyu, ya gwada su da hannu, ya ga ɗaya bai zauna daidai ba, ya mayar wuta ya sake, don shanu na jira. Dado ta naɗe abinta, ta ce Allah ya ba da lada, ta hau jaki ta kama hanyar arewa.

Yana nan zaune har gawayin ya zama toka. Tabawa ta leƙo ta ce tuwo ya sauka. Ya tashi ya wanke hannu ya ci.