Saƙon da Kawu Ya Yi Ta Jira

Ni mutumin garin Isa ne, kuma kafin abin da za ni gaya muku, ba wanda ya taɓa kirana ɓarawo. Rashin zama wuri ɗaya kawai aka san ni da shi. Inna takan ce kamar an zuba mani tururuwa a wando. Na koyi kwamfuta a Sakkwato, na dawo ina ta zirga-zirga tsakanin Isa da Sabon Birni, duk wanda na gani kan sabon babur sai raina ya ɓaci.

Shekarar da fari ya ƙone gero a tsaye, mutane suka cinye har irin shuka. Sai wata ƙungiyar agaji ta zo za ta raba iri mai saurin nuna. Aka zuba sunayen manoma da lambobin wayarsu a rumbun bayanai na kwamfuta. Daga nan saƙo ke fita zuwa wayar kowane manomi, ya nuna shi a ba shi iri. Ba saƙo, ba iri. Ni aka ɗauka aikin sa ido: in zauna gaban allo ina duba kowane saƙo, wace hanya aka ɗora shi, ya isa ko ya maƙale. Wanda ya maƙale yakan yi ja, sai in sake tura shi.

Ja kuwa ba ya ƙarewa a wajenmu. Muna bakin iyaka, waya tana aljihunka sai ta kama sabis ɗin Nijar, saƙo ya neme ta ya rasa.

Ran kasuwar Bafarawa wani ɗan kasuwa mai fitar da hatsi ya ja ni gefe. Ya ce, "Samari, ba wani abu nika so ba, ka riƙa hwaɗa mani ranar rabo." Na ce wannan ai ba komai. Ya yi mani ihsani. Da muka saba ya ce, "Waɗanda sunka maƙale fa? Ai sun ɓace. Juyo su zuwa wayoyin yarana, su karɓi irin." Na juya. Daga nan ido ya buɗe, na fara karkatar da masu lafiya ma. Don kada a gani, na kashe sa ido a kan ƙauyukan da nake ci. Lambobi kawai nake kallo, wallahi ko sau ɗaya ban duba suna ba.

Ana jiran ruwan shuka sai ga Kawu, yayan Inna, ya taho daga Kamarawa. Ya ce, "Ɗana, nau saƙo bai taho ba. Ka diba mani." Na duba. Lambarsa tana cikin waɗanda na juya, an riga an karɓi irin. Na ce, "Kawu, sabis ɗin Nijar ne. Ka hau tudu ka ɗaga wayar, zai shigo." Ya sa mani albarka ya tafi.

Tun ranar kujera ta gagare ni. In zauna, in tashi, in fita, in dawo. Abinci ma a tsaye nake ci. Sau nawa na hau babur za ni Kamarawa, sai in juyo a hanya.

Shugabarmu, wata Hajiya da ke Sakkwato, ita ta gano ni. Ta kira ta ce, "Kai, ƙauyukanka ba ja ko ɗaya? Ko Nijar ta matsa ne?" Na yi dariyar yaƙe. Ashe ta kunna sa ido daga can, tana kallon saƙonni suna karkata zuwa wayoyi 'yan kaɗan. Ɗan kasuwar ya tsallaka iyaka, ni aka kama. Alƙali ya tura ni gidan yari. A can ma safa da marwa nake yi, har 'yan ɗakinmu suka ce in zauna ko su zaunar da ni.

Da aka sake ni ban tsaya gida ba, na wuce Kamarawa. Matar Kawu ta ce kullum da safe yakan hau tudu yana ɗaga waya, har maƙwabta suka gama shuka, ruwan ya ɗauke. Yunwa ta sa ya sayar da gonar. Na same shi a cikinta yana wa sabon mai ita ƙwadago. Na durƙusa ina kuka. Ya jingina da hauyarsa ya dube ni.

Ya ce, "Na yahe maka satar. Amma da ka hwaɗa mani gaskiya ran nan, da na ranto iri wurin mutane na shuka. Jiran da ka sa ni shi ya ci gonar."

Na tuba, ina roƙon Allah gafara, amma wannan magana ba ta barina barci. Ku samari da kuka iya kwamfuta, za a sa ku gadin allo, kuma wani zai ja ku gefe ya ce ba komai ba ne. Ku ce masa a'a tun ranar farko. In kuwa kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun ana iya gyarawa, kada ku rufe ta da ƙarya kamar ni. Kawu har yau ƙwadago yake yi a gonar da ubansa ya bar masa.